Tafiyar Maradun da Ba a Yi Ba

A ƙasarmu ba a gaya wa majinyaci cewa mutuwa zai yi. Ko ana yanka likkafani a zaure, in ka tambaya sai a ce maka jiki da sauƙi. Haka Baturiya ta tashi ta tarar. Don haka ranar da wani likita a Talata Mafara ya ja ta gefe, ya ce ciwon daji ya cinye hantar mahaifinta Malam Tukur, sai dai a jira ikon Allah, ba ta tsaya dogon tunani ba.

"Haƙƙinsa ne ya sani," in ji likitan. "In ba za ki iya ba, ni zan faɗa masa."

"Don Allah likita, ka rufa mani asiri. Tsohon ga in yaj ji, ko hura ba ya ƙara sha."

Ita ce malamar makaranta, ita aka bar wa magana da likitoci, ita kuma ta yanke hukunci ita kaɗai. Ta karɓi maganin rage zafi, ta mayar da shi gida Bakura, ta ce wa kowa an sallame su.

To, Malam Tukur yana da wata ƙaya a zuciya. Shekara goma sha tara da suka wuce, shi da ƙaninsa Yakubu suna noman rani da ruwan madatsar Bakolori, kowa da ranar ban-ruwansa. Shinkafar Tukur ta ƙone, ya ce Yakubu ne ya karkatar masa da ruwa. Yakubu ya musanta, Tukur kuwa ya ɗauke shi da mari a gaban jama'a. Yakubu ya tattara iyalinsa ya koma Maradun, tun daga nan ko gaisuwar Salla ba ta ƙara haɗa su ba.

Wata safiya tana ba shi koko, tsohon ya riƙe mata hannu.

"Ɗiyata, gaya mani gaskiya. In zan tashi, ni zan tahi Maradun da ƙafata in roƙi Yakubu gahwara. Wanda yay yi mari shi ka zuwa, ba a kiran wanda anka mara. In ko ba tashi, ki aika a kira mani shi yau."

Ta dubi idanunsa da suka koma rawaya, ta dubi cikin nan da ya kumbura. Tausayi ya kama ta, tsoro kuma ya fi tausayin yawa.

"Da sauƙi, Baba. Likita ya ce sati biyu ka miƙe."

Ya yi murna irin ta yaro. Ya sa aka wanke masa babbar riga, aka sayo goro aka naɗe a ganye, kullum yana gwada tafiya daga gado zuwa bakin ƙofa. Rana ta goma sha takwas, tsakanin azahar da la'asar, ya cika. Yakubu bai zo jana'iza ba, aka ce ciwon ƙafa ya hana shi.

Mutane suka yi ta yabon Baturiya, wai ta yi jinyar uba har ya rasu hankalinsa kwance. Yabon nan kamar ana zuba mata barkono a gyambo. Da rana tsaka, gida ya yi tsit, sai ta ji jan takalminsa daga ɗaki zuwa zaure. Ba ya fita. A bakin ƙofa yake tsayawa, kamar yana jira ta ce masa lokaci ya yi. A aji ma, tana tsaka da rubutu a allo, sai ta ji tarinsa a bayan taga. Ba ta gaya wa kowa ba, ta dai rame.

Bayan sadakar arba'in ta hau mota zuwa Maradun. Ta tarar da Yakubu zaune a kan buzu, ƙafa a kumbure, fuskar kuwa sak ta ubanta. Suka gaisa, suka yi wa juna ta'aziyya, sannan ta durƙusa.

"Baffa, na zo roƙa ma Baba gahwara."

"Shi ya aiko ki?"

Cewa "i" ba wuya, bakin ya riga ya saba. Amma ta gaji. Ta faɗa masa komai: maganar likita, tambayar tsoho, da amsar da ta ba shi.

Yakubu ya sunkuyar da kai. Can sai hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Mari? Na yahe mai tun ban kai tasha ba. Amma ruwan nan, ɗiyata, ni nik karkatar da shi. Shekara goma sha tara kunya ta hana ni zuwa in hwaɗi. Da kin aiko, ko da rarrahe da na zo." Ya share fuska da hannun riga. "Ni mai rai ne, na yahe ma Yaya. To ni, wa za ki aika ya roƙa mani?"