Buɗe, Ya Wuce

Duk ranar Asabar da yamma tela yakan rufe shagonsa da wuri, ya dawo gida ya tarar matarsa ta riga ta saki labulen falo, ta ƙara toshe taga da tsohon bargo don kada rana ta ɓata musu hoton talabijin. Tun da 'yarsu ta tafi jami'a gidan ya yi musu faɗi suka tsiro da wannan kallon, kuma da dokarsa: wannan mako zaɓinta, mai zuwa zaɓinsa.

Matar tana koyarwa a firamare, shi ma Malama yake ce mata kamar kowa. A aji in ta ɗaga gira yara sai su yi tsit, amma a gida kyankyaso ya gitta sai ka gan ta a kan kujera. Duk da haka ba abin da take so irin fim ɗin ban tsoro. Shi kuwa nasa daban ne, irin finafinan ƙasashen nesa da ake kafe kyamara wuri guda, a bar wani tsoho yana shafa wa kwalekwale fenti har shayinka ya huce, ba wanda ya ce uffan.

"Maigida, wai yaushe za a fara fim ɗin?" takan tambaya tana hamma.

"Ai an kusa gamawa, Malama."

In ranarta ce, da kiɗa ya fara canjawa sai ta rungume matashin kujera, ta cusa fuska a kafaɗarsa, shi kuma ya zama idonta. Yakan gaya mata abin da ke faruwa da muryar da yake auna mutane da ita a shago: ta buɗe ƙofa, ga wani abu a bayanta, ya kama ta. In abin ya lafa sai ya ce, "Buɗe, ya wuce." Bai taɓa yaudararta ba ko da wasa, shi ya sa da ya faɗa take ɗagowa ba ta ko leƙe. Tela ba gwanin daɗin baki ba ne, bai iya kalaman da mata ke son ji ba. Wannan aikin shi ne abin da yake da shi, kuma yana ji da shi fiye da yadda zai iya faɗa.

Sai idonsa ya fara ci baya. Da farko gefe-gefe ne ya dushe, yana ture kofi, yana karo da bakin tebur. Daga baya duk inda haske ya yi ƙaranci sai ya koma masa toka-toka. Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya taɓa jijiya, maganin ɗigawa zai rage masa gudu amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Tela ya yi godiya, ya ɓoye maganin a aljihun keken ɗinki, ya jawo keken bakin ƙofar shago inda rana take, bai gaya wa kowa ba. Tsoro yake ji, ba na makanta kaɗai ba. Yana tsoron ranar da Malama za ta cusa fuska a kafaɗarsa ya rasa abin gaya mata.

Finafinansa ya fara bari, don ba ya iya karanta fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, kuma fim ɗin da ba a magana ba ya taimakon mai kallo da kunne. Ya ce ya bar mata makonninsa. Ta yi murna, har ta buga wa ƙanwarta waya tana cewa ta shawo kan mutumin. Na ban tsoro kuwa ya gano kansu: kiɗa ne ke tona asirin fatalwa, in ya hau abin na zuwa, in an yi ƙara an yi shiru ya wuce. Da haka ya yi ta lallaɓawa, yana haɗa abin da ya ji da ɗan abin da ya gani.

A wannan Asabar fim ɗin na wata mai wanki ne a tsohon otal. Ta sauka ɗakin ƙasa inda ake shanya zannuwan gado, fitilarta na neman mutuwa. Malama ta nutse a kafaɗarsa.

"Me take yi?"

"Tana tafiya tsakanin zannuwa," in ji shi. Takun ƙafa ya gaya masa haka, allon kam duhu ne zalla.

Kiɗa ya hau, aka yi wata ƙara, tasa ta faɗi, sannan shiru. Ya ɗan jira, shirun ya ci gaba.

"Buɗe, ya wuce."

Ta ɗago. Ihun da ta yi sai da karen maƙwabta ya amsa. Ta lalubo rimot ta danna, ba ta kashe ba, tsayar da hoton ta yi, ta juya wa talabijin baya tana haki.

"Ka ce ya wuce!"

"Wasa nake miki," ya ce, yana ƙoƙarin dariya. Dariyar ba ta fito ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Mace ce da ta saba gane yaron da ke motsa baki tare da 'yan aji alhali bai iya karatun ba.

"Ba ka irin wannan wasan. Maigida, gaya min abin da ke kan allon nan yanzu."

Ya duba. Wani fari-fari ne a tsakiyar duhu, zai iya zama zani, zai iya zama fuska. Ya buɗe baki zai yi canke, sai ya ji ba zai iya ƙara mata wata ƙaryar ba.

Ta tashi ta fizge bargon daga taga, hasken yamma ya cika falon. A nan ya gaya mata komai, da likitan, da maganin da ke aljihun keke. Tana tsaye tana ji, bargon a hannunta.

"Kofunan da ka fasa, na ce tsufa ne. Finafinanka da ka bar min, na ce ƙauna ce." Ta ajiye bargon a kan kujera. "Ashe ni ce zan zama ta ƙarshen sani?"

"Ba wanda ya sani, Malama."

"To me ya sa?"

"In na gaya miki, wa zai riƙa ce miki ya wuce?"

Ta shige kicin, ya ji ta kunna famfo ta bar shi yana zuba, ya kuma san ba wanke-wanke take yi ba. Ya zauna da hannuwa a cinya. A ransa ya riga ya yi sallama da Asabar: daga yau sai asibiti, sai tausayi, sai a riƙa kawar da kujeru daga hanyarsa.

Da ta fito, ya ji ta hau kujera tana mayar da bargon a taga. Falon ya sake yin duhu. Ta zauna kusa da shi, ta ɗora masa matashin a ƙirji.

"Riƙe wannan. Litinin tare za mu koma wurin likitan. Mako mai zuwa kuma zaɓinka ne, ka nemo tsohon nan mai fenti, zan karanta maka rubutun, in gaya maka launin kwalekwalen, ko da barci zai kashe ni."

Ta mayar da fim ɗin baya zuwa inda mai wankin ta fara sauka. Takun ƙafa ya dawo, kiɗa ya fara hawa.

"Tana tsakanin zannuwa," in ji Malama, farcenta na nutsewa a damtsensa. "Na ƙarshen yana motsi. Ta miƙa hannu. Ta janye shi. Wayyo Allah. Wata tsohuwa ce a tsaye, Maigida, jiƙe sharkaf, an ɗinke mata baki da baƙin zare, tana kallona."

Ya lalubi fuskarta da tafin hannu zai rufe mata ido, ya ji hawaye, ya ji idon a buɗe.

"Ya isa, Malama, rufe. Na ji."

Ta sauke hannunsa, ta riƙe shi gam a cinyarta.

"Yi shiru, ina kallo. Ta fara takowa."