Dutse a Kwandon Ittu

Tun da asuba gidanmu ya kacame. Ranar bikin waliyyi ce a ƙasan kwari, kuma karon farko ke nan da za a je da tagwayena, Basu da Ittu, 'yan shekara uku. Na sa musu sababbin riguna, na zizara wa Ittu kwalli, ni kaina sai rawar jiki nake kamar yarinya.

Maigidana Haddu ya ɗaura wa alfadari kwanduna biyu, ya saka Basu a dama, Ittu a hagu. Dabbar na ɗaga ƙafa kayan suka karkace. Basu ya yi ƙasa yana ƙyalƙyala dariya, Ittu ta yi sama ta ƙanƙame bakin kwando.

"Tsaya!" na kwatsa ihu. Hanyarmu gefen dutse ce, siririya, ƙasanta rami.

Maƙwabciyarmu Tuda ta leƙo daga kan soro. "Yamna, anya ciki ɗaya suka kwanta? Ɗaya rago, ɗaya 'yar tsako!"

Abin da na daɗe ina faɗa ke nan. Surukata, Inna Rkiya, ita ke ba su karin kumallo idan na fita yankan ciyawa. Ƙwai na Basu, zuma da man shanu na Basu, Ittu kuwa gurasa da shayi. In na ce, "Inna, wannan fifiko ne," sai ta ce, "Wane fifiko? Namiji ne. Yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba."

Haddu ya yi abin da kowa ke yi a tsaunukan nan idan kaya ya rinjaya gefe: ya ɗauko dutse zai saka a kwandon Ittu.

Na riƙe hannunsa. "Baban tagwaye, ajiye."

"Ke, za mu makara! Ba kya jin ganguna?"

"Mu makara. Buhun sha'ir ake cikewa da dutse. Abin da 'yata ta rasa ba dutse ba ne."

Ban taɓa ɗaga murya a gaban Inna ba sai ranar. Ta taho a hankali, ta ɗaga Basu ta mayar, ta ɗaga Ittu. Ta daɗe riƙe da ita.

"Har haka?" ta ce, kamar da kanta take.

Sai ta kwance ƙunshin da ta goya, guzurin da ta haɗa wa Basu: dafaffen ƙwai, gurasa, kwalbar niƙaƙƙiyar gyaɗar almon da zuma. Ta jibga duka a kwandon Ittu, ta ƙara da dunƙulen sukarin da za ta kai sadaka. Kayan suka miƙe cak.

"Ci, 'yar nan. Ban da sukarin, kada ki rage komai."

Haddu ya sosa ƙeya. "Inna, in ta cinye ai zai sake karkacewa."

"Kai Haddu, Allah ya shirye ka!" in ji Tuda. "Ina nauyin zai je, in ba cikinta ba?"

Dariya ta ɓarke, Tuda ta rangaɗa guɗa. Basu ya miƙo hannu yana kukan ƙwai. Inna ta ɓare ɗaya, ta dube ni, ta raba shi biyu daidai. Na karɓi igiyar alfadari da kaina muka gangara, Ittu na gefena baki duk zuma.