Hawan Sama

A ɗakin bincikenmu na birnin Novi Sad, mai tambaya shi ke dafa gahawar safe. Ka zuba wa kowa, sannan ka faɗi abin da ya sha maka kai. Haka muka tarar, kuma rabin aikinmu a teburin kicin ɗin nan muka koya.

Ognjen kuwa, tunda ya fara digirinsa na dakta bai taɓa leƙo kicin ba. Wai shi bai zo gulma ba. Maganar ta ci mana rai, ni kam har gaisuwarsa na daina amsawa. Muka zuba masa ido.

Ƙwayoyin halittar da yake reno suka yi ta mutuwa. Ya canja ruwa, ya canja kwalabe, ya karanta duk abin da aka rubuta, a banza. Ƙarshe Farfesa Radmila ta ce in Juma'a ta zo ba ta ga masu rai ba, za ta karɓe aikin ta ba wani.

Ran Alhamis sai ga shi a kicin riƙe da tukunya. Gahawar ta tafaso ta malale a kan murhu, ba wanda ya yi dariya.

"Sarkin karatu, ɓatan hanya ka yi?" in ji Tijana, babbarmu a cikin ɗalibai.

Ya cika kofin kowa tukuna. "Me ke kashe su?"

"A wane hawa kake ajiye su cikin akwatin ɗumi?" in ji Tijana.

"Na sama. Shi ne kullum babu kowa."

"Ka taɓa tambayar dalili? Zafinsa ya wuce abin da ma'auni ke nunawa. Dafa su kake yi, ɗan'uwa."

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun bara. A nan aka faɗa."

Ya jingina da bango. Sababbi ba za su girma kafin gobe ba, duk mun san haka.

Ashe Farfesa na tsaye a bakin ƙofa. Ta shigo ta ɗauki kofi, ta kurɓa, ta yatsine fuska. Sai ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, har na rasa inda zan sa idona.

"Wata da watanni kuna kallonsa?"

Sai ta juya wurinsa.

"Ognjen, na ɗaga maka ƙafa. Tijana, kwashe naki daga hawan tsakiya ki ba shi wurin."

"Farfesa, ni kuma nawa fa? A ina zan sa su?"

"Na sama babu kowa," ta ce, ta fita da kofinta.