Tafin Tsohon Hedimasta

Tarkunan ragar da 'yar tsohon hedimasta ta kafa a bakin tafkin, da gwangwanin kifi a cikin kowanne, ba su kama komai ba sai kwaɗi. Ita ma'aikaciyar binciken halittun ruwa ce, kuma washegari za ta kai rahoto. Idan ba a sami kififiya ba, za a cike tafkin da ƙasa a yi wurin ajiye motoci.

Saura tarko ɗaya: katako kan jarkoki huɗu yana yawo a ruwa, raga a buɗe a ƙarƙashinsa. Dabarar ita ce kififiya ta hau shan hantsi, in ta razana ta faɗa ciki.

"Baba, aikinka ɗaya," in ji ta. "Ka zauna shiru. In sun hau, ka tafa. Ni zan zagaya sauran."

"Yarinya, ni za a koya wa firgita masu barci? Da shi na ci abinci har na yi ritaya."

Tsohon hedimasta ya kafa kujerarsa a gangaren. Ruwan ya kwanta luf, gajimare na tafiya a cikinsa a hankali. Can wani kai kamar babban yatsa ya ɓullo, ya dube shi. Kififiya ce, ta hau katakon. Wata ta biyo, sai wata, har suka jeru a kan katakon, wuya a miƙe, ido a lumshe, kamar 'yan bencin baya bayan an dawo daga hutun tara. Wata ƙarama ta ɗora ƙafa a bayan babba, ba wanda ya kawo ƙara.

Ya ɗaga hannuwa. Sai ya ga babu ajin da ya taɓa natsuwa haka a gabansa. Bari su ɗan ƙara, ya ce a ransa. Rana ta dafa masa kafaɗa. Katakon ya zama benci, bencin ya tashi yana lilo tsakanin gajimare, shi ma an matsa masa wuri a ƙarshen layi, ya miƙe wuya.

Kujerar ce ta fara gangarawa, shi ya bi ta.

Da 'yar ta iso a guje, ta same shi zaune cikin ruwa har ƙirji, hularsa ta yi gaba, katakon wayam, ragar kuwa sai motsi take.

Ta ciro babbar, ta auna ta, ta yi mata ɗan tsagi a gefen ƙoƙon baya don shaida, tana dariya.

"Baba, tafi fa na ce."

"Tafi na ƙananan malamai ne," in ji shi. "Miƙo min hulata."