Ramuwar Gabdo a Kan Dutse

Tun azumin bara ake bin Gabdo rana guda, wadda ya sha saboda zazzaɓi. Matarsa Sumayyat ta tuna masa bayan ƙaramar Sallah, ya ce sai sanyi ya shigo. Sanyi ya shigo, ya gama zamansa ya fita, bai same shi a shirye ba. Da Sha'aban ya kama ya ce ai da sauran wata. Yana cikin wannan dogon shiri aka wayi gari ana cewa yau da magariba za a duba wata. Idan bai rama yau ba, sabon azumi zai hau kan tsoho, ga ciyarwa, ga bakin Sumayyat. Ranar kuwa Asabar ce, Asabar ɗin da shi da kansa ya tsayar don hawan dutsen bayan Sahuda.

Gabdo ne shugaban 'yan hawan dutse na Mubi, ƙungiyar da ba ta da ofis ba ta da hatimi, sai takalma masu tsada da ciwon gwiwa. Shi ne kuma ya kafa dokar cewa mai azumi ba ya hawa, tun da wani malamin makaranta ya taɓa sume musu a hanya. Don haka ya yi sahur ɗinsa shiru, ya cika gorunansa da ruwa kamar kowa, ya goya, bai gaya wa kowa ba.

Suka ajiye mota a ƙofar wani manomi, suka tsallaka busasshen mayo, wato rafi, suka shiga hawa. Wannan dutse ba a kai masa sabon shiga. Da farko gonaki ne hawa-hawa da aka tokare da duwatsu, sai hanyar awaki, daga nan hanyar ma ta gaji ta koma, ta bar mutum da falalen dutse da farcensa. Duk inda aka tsaya shan ruwa, Gabdo sai ya juya baya, ya kai gora kusa da baki, ya tuttula a ka.

"Oga, kai ta ƙeya kake sha ne?" in ji Zacharia, abokinsa tun suna sakandare, wanda ya fi shi tumbi amma ya fi shi numfashi.

"Injin a nan yake," in ji Gabdo. "Shi ake fara sanyayawa."

Sun kai ƙololuwa da azahar. Shekara da shekaru Gabdo yana hango wannan tsini daga tagar ofishinsa. Da ya tsaya a kansa ya duba ta ɓangaren Kamaru, sai ya ga wasu duwatsun ne irin nasu, babu ko bambancin launi. Ya laluba cikin ƙirjinsa ko zai samu murna, bai samu ba, ƙishirwa ta riga ta kama ɗakin. Wajen alwala ya kurkure baki, ruwan ya zauna a kan harshensa kamar baƙon da ba ya son tafiya, da ƙyar ya furzar. Sauran suka baje biredi da ƙuliƙuli, shi ya ce cikinsa ne ba daɗi.

Saukowa ce ta tona shi. Bayan la'asar, a kan wani falale mai santsi inda sai an zauna an ja gindi, ƙafarsa ta dama ta ɗaure tamau, ta hagu ta kama rawa ba kiɗa. Ya zauna, ya ce yana gyara igiyar takalmi. Ya daɗe yana gyarawa.

Miriyamu, ma'aikaciyar jinya ce, ita ke rufe baya. Ta tsuguna, ta mintsini fatar hannunsa, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa.

"Oga, fito da harshe. Yaushe rabonka da fitsari?"

"Haba Sista, a gaban jama'a?"

"Awaki ne jama'a? Yaushe?"

Ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Ramuwa nake yi."

Zacharia, da ya riga ya gangara, ya sake rarrafowa sama yana haki. "Ramuwa? Kai Fulani! Shekara guda Allah ya ba ka, ka rasa rana sai yau? Dokan nan wa ya kafa shi?"

"An kafa ta ne don masu rauni."

"To ga mai ƙarfi a zaune."

Miriyamu ba ta yi dariya ba. Ta nuna ƙasa, inda rufin kwanon Sahuda ke ƙyalli ƙanana kamar murafen kwalba. Ta ce ba zai sauka falalen nan da waɗannan ƙafafun ba sai ya sha ruwa da gishiri, kuma babu mai iya goya shi. Ko ya sha yanzu su isa ƙasa da sauran haske, ko a jira magariba a sauka a duhu, da fitilar waya.

Gabdo ya ɗaga kai. Rana ta karkata sosai, saura ƙiris. Ya riga ya ɗauki azumin nan ya kai shi har kan dutse, ya sauko da shi rabin hanya.

"Ku tafi," ya ce. "In na sha ruwa da magariba zan biyo ku."

"Ka ji shi," in ji Zacharia. Ya sauke jakarsa, ya nemi wuri ya zauna, ya miƙe ƙafa. "Mu jira. Azuminsa ne, ba za mu karya masa ba. Duhu kuma ai ba yau muka fara ganinsa ba."

Ɗaya bayan ɗaya sauran suka sauke jakunkuna. Babu wanda ya yi tsaki. Da sun zage shi da ya ji sauƙi. Ya dubi Mahmoud, mai shagon magani, wanda ko da rana sai da gilashi yake ganin inda zai taka. Ya dubi Miriyamu, da ke da aikin safe gobe da 'ya'ya a gida. Ya dubi gefen falalen, inda babu komai sai iska.

Ya jawo gorarsa, ya girgiza. Wayam. Duk ƙeya ta shanye.

"Zakka," ya ce wa Zacharia, "ba ni naka."

"Ka tabbata?"

"Ba ni kafin in yi tunani."

Miriyamu ta zuba gishiri da sukari ta kaɗa. Ruwan ya yi ɗumi, yana warin roba. Gabdo ya yi bismilla, don bai san me kuma zai ce ba, ya kafa kai, bai ɗago ba sai da gorar ta lotse.

Suka sauko a hankali, shugaba a tsakiya kamar marar lafiyar da ake rakawa asibiti. Suna taka yashin mayo aka kira magariba a Sahuda. Gabdo ya tsaya yana saurare, ruwa na ƙugi a cikinsa. Mahmoud ya ciro dabino ya miƙa masa, sai ya tuna azumin ya riga ya karye, hannun ya tsaya a hanya.

"Kawo," in ji Gabdo. "Yunwa ce dai, ita ba ta karye ba."