Gwazar Kawu Abdulgani

Surayya tana shekararta ta ƙarshe a sashen nazarin tsirrai na jami'ar da ke Kalgo lokacin da ta zaɓi gwazar kawunta don bincikenta. Kawu Abdulgani yana noma ta ne a fadama, bayan garin Gwandu. Irin mahaifinsa ne: fara ce, ba ta ƙaiƙayin maƙogwaro, mata masu dafawa su sayar tun a gona suke tare ta. Da ita yake riƙe gidansa idan hatsi ya ƙare.

Ta ɗauko 'ya'ya goma ta dasa a tukwane. Makonni tana yanko bakin saiwa tana rinawa, tana leƙawa a madubin bincike, tana ƙirga kuromozom, wato zaruruwan gado da ke cikin ƙwayar halitta. Gwazar da ta sayo a kasuwar Kalgo ashirin da takwas ta ba ta, ta kawu kuwa arba'in da biyu. Malaminta ya duba da kansa, ya ce irin wannan ba ta yin ƙwayar da za a adana, sai dai a riƙa dasa 'ya'yanta kowace shekara.

Cikin watan Agusta kawu ya buga mata waya, ta hau mota ta tafi. Ta tarar ganyen gwazar duk ya yi tabo ruwan ƙasa, yana narkewa. Ya tona gindi uku a gabanta, duk sun ruɓe suna wari. Ya ce ya zuba toka, ya yi feshi sau biyu, abin sai gaba yake yi.

"Ɗiyata, ke da kika leƙa cikinta, me za a ba ta?"

Ta ce masa ita ƙirga kawai aka koya mata. Ya goge hannunsa a riga. Don ta kwantar masa da hankali ta ce tukwanenta suna nan, za a samu iri.

Kwana tara da komawarta tabon ya bayyana a tukwanen. Ta yanke ganye, ta raba su nesa da juna, ta hana su ruwa. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Sai da ta yi kwana biyu kafin ta iya kiran kawu. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, zai gwada dankali.

Ranar kare bincikenta wani malami baƙo ya yaba aikin, ya ce irin nan ya cancanci a yaɗa shi ga manoma. Sannan ya ɗauki biro ya tambaye ta a wace gona za a same shi.