Surukin A'i Ne Tafinta

A'i mai ƙuli-ƙuli ta daɗe tana ɓoye abin da ke ƙirjinta. Tun da kaka ta fara jin wani ƙulli a nonon hagu, ta ce zai baje da kansa. Bai baje ba. Da bazara ta kama sai ya buɗe baki, hammata ta kumbura, hannun ya yi nauyi har matsar mai ta gagare ta. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, wanzami ya kafa mata ƙaho a kafaɗa, don ce masa ta yi sanyi ne ya kama ta. Duk Matameye ba wanda ya san gaskiya sai ƙanwarta Baiwa, ita ma don ta faɗo ɗaki ba sallama ne ta tarar ana canza tsumma.

A zamanin nan Faransa sun riga sun zauna, har wani likita Nasara yakan zo daga Damagaram a mota lokaci zuwa lokaci, ya sauka a bariki ya duba marasa lafiya. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "gobe" ba. Duk abin da za a gaya masa sai ya bi ta bakin Muntaka, wanda ya koyo Faransanci a soja, ya dawo aka ba shi aikin wanke miki da ɗaure rauni. Shi Muntakan nan kuwa shi ne mijin Fadima, ɗiyar A'i ta fari. Ita ɗiyar ma A'i ba ta taɓa kiran sunanta ba, balle mijin. In ta hango shi a lungu sai ta faɗa gidan da ya fi kusa, shi kuma ya tuɓe takalmi ya durƙusa har sai ya tabbata ta wuce.

Ranar da aka ji ƙarar motar likita, Baiwa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, warin fa ya fara fitowa waje. Jiya maƙwabciyarmu Batulu ta tambaye ni ko ɓera ya mutu a ɗakinki."

"Ki ce mata ɓeran ne."

"Tashi mu tafi bariki."

"In je in yi me? Kin manta ɗan'uwanmu Illa? Da ƙafarsa biyu suka ɗauke shi zuwa Damagaram, suka maido mana shi da sanda. Har ya mutu yana tambayar inda aka binne ƙafar, ba wanda ya ba shi amsa."

"Yaya Illa ƙafar ta riga ta ruɓe."

"To ni ma na ruɓe. Kuma wa zan gaya wa? Mijin yarinyar nan?"

"Ba ke za ki gaya masa ba. Ke ki gaya mini, ni in gaya masa, shi ya gaya wa Nasaran."

A'i ba ta yarda ba, gajiya kawai ta yi da musu. Ta yafa zane biyu duk da zafin nan, suka fita.

A bariki mutane sun taru a inuwar gawo, ɗakin duba marasa lafiya kuma ƙofarsa a buɗe take. Muntaka bai bar muryar soja ba. Daga inda A'i ta zauna tana jin komai.

"Malam Sallau, ya ce tun yaushe fitsarin ke yi maka zafi?"

Wani dillali ya taɓa na kusa da shi. "Ashe shi ya sa ba ya ɗaukar doguwar sura."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malam Sallau ya fito da ƙullin magani a hannu, bai dubi kowa ba. A'i ta san kafin la'asar zancen ya zaga kasuwa. Ta yunƙura za ta koma gida, Baiwa ta riƙe mata gefen zane.

Da suka shiga, Muntaka na ɗaga kai ya ga ko su wa ne, sai ya zame takalmi ya durƙusa. Likita, wani dogo mai jan wuya da gumi ya jiƙe masa riga, ya yi masa magana da faɗa-faɗa. Muntaka ya miƙe, amma ya je ya saki asabarin ƙofa, abin da bai yi wa kowa ba tun safe. Nan take hayaniyar waje ta ɗauke. A'i ta ji shirun nan ya fi dariyar ɗazu ciwo, don yanzu kowa ya kasa kunne.

Muntaka ya juya fuska ga bango. "Inna Baiwa, ya ce me ke tafe da ku?"

A'i ta raɗa wa ƙanwarta: "Ce masa hannu ne."

"Ta ce gabanta ne, wajen hagu," in ji Baiwa.

Ko me Muntaka ya mayar da shi a Faransanci, oho. Sai ga likita ya ɗauko abin sauraron ƙirji yana yi mata alamar ta yi tari. Ta yi. Ya matso zai ɗora abin, sai ya tsaya, hancinsa ya motsa. Ya dubi yadda ta tallabe hannun. Bai ƙara neman tafinta ba, ya yi wa Baiwa nuni da ta janye zanen.

A'i ta runtse ido. Yatsunsa suka bi gefen mikin, suka shiga hammata, suka hau wuya. Bai ji mata ciwo ba, bai kuma yamutsa fuska ba, wannan ta shaida. Amma tunda mijinta ya rasu ba namijin da ya ga wurin nan, ga kuma surukinta tsaye taku kaɗan, tana jin numfashinsa.

Likita ya wanke hannu, ya yi magana mai tsawo. Muntaka bai juya maganar ba. Likita ya maimaita, ya buga tebur.

"Inna Baiwa," in ji Muntaka, muryar sojan nan duk ta tafi. "Ya ce abin ya yi nisa. Ya ce sai an cire."

"A cire me?"

Ya jingina goshi da bango. "Wurin. Duka. A Damagaram. Gobe da hantsi mota za ta koma, ya ce akwai wuri."

A'i ta gyara zanenta a hankali. Ta yi magana tana duban Baiwa.

"Tambayi mutanen ɗakin nan, in an yanke zan warke?"

Tambayar ta tafi ta dawo. "Ya ce bai yi alkawari ba. Ya ce dai in an bari, ya san ƙarshensa."

"Wannan ni ma na sani ba sai na zo bariki ba. Abin da aka yanke fa, za a ba ni in taho da shi?"

Likita ya ɗaga kafaɗa, kamar bai ga abin tambaya a ciki ba.

"To in na dawo, wa zai riƙa wanke mikin?"

Wannan karon Muntaka bai juya tambayar ba, don ya san amsar. A faɗin ƙasar nan, daga Kurni har Ɗan Barto, mai wanke miki ɗaya ne.

"Ni ne, Inna," ya ce wa bango.

Wannan ce maganar farko da ya taɓa yi mata kai tsaye. A'i ta miƙe.

"Baiwa, ce wa Nasara na gode. Hannunsa ba shi da nauyi. Amma yadda na zo haka zan koma."

Likita ya yi ta magana, ya nuna mota ta taga, ya nuna hammatarta. Daga baya ya zauna ya share gumi, ya tura wa Baiwa auduga da wani ruwan magani a kwalba. Shi ma da ganinsa ya gaji.

Da aka ɗaga asabari idanu suka yi caa. Dillalin nan ya ce, "A'i, lafiya aka rufe ƙofa? Ko gyaɗar ce za a sayar wa Nasara a ɓoye?"

"Kai dai shiga, naka a buɗe za a yi," in ji Baiwa.

Washegari A'i ta zauna a ɗaki tana jiran zancen ya dawo mata. Ta san yadda abin yake tafiya, miji ya gaya wa mata, mata ta gaya wa ƙawa, ƙawa ta kai rijiya. Daga nan ba mai ƙara sayen ƙuli-ƙulin da ya bi ta hannunta. Da hantsi ta ji an ta da mota can wajen bariki. Motar ta daɗe tana ruri ba ta tafi ba.

Aka yi sallama. Fadima ce, da ƙwaryar ruwan ɗumi, ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba.

"Inna, ina kwana."

A'i ta amsa tana duban gefe. Can ta ce, "Me aka gaya miki?"

"Ba a gaya mini komai ba. Na tambayi maigidana har na gaji, ya ce abin da ya ji a ɗakin can ba nasa ba ne. Tun jiya dai bai ci abinci ba. Da safen nan ya koya mini yadda ake wanke miki da ruwan kwalba, ya ce in zo gidan nan, in an bar ni in shiga, in ba a bar ni ba in koma. Ya ce kuma zai roƙi mai mota ya ɗan jira."

A'i ta saurari rurin motar. Ba ta tashi ba, ɗiyar ma ba ta matsa mata ba. Suna nan zaune har ƙarar ta sake, ta kama hanyar Damagaram, ta yi ƙasa, ta ɓace.

"Saki labulen," in ji A'i. "Matso da ruwan nan kafin ya huce."

Ta kai hannun dama ta fara kwance zanen. Ɗaurin ya yi tsauri, hannu ɗaya ya kasa, sai Fadima ta sa nata.